Tudu da fadamar Sakkwato a kan sirdin keke

An rubuto wannan daga faifan wata lacca da aka gabatar wa ɗalibai a cikin garin Sakkwato.

Assalamu alaikum. Iyayena malamai da ke nan gaba, da ku ƙannena ɗalibai, ina gaisuwa.

Duk wanda ya ce muku ƙasar Sakkwato shimfiɗe take kamar tabarma, to a mota ya ratsa ta. Ku ba shi keke ya kama hanyar Achida zuwa Wurno, kafin azahar cinyoyinsa za su ba shi labari. Ba mu da manyan duwatsu irin na Filato, gaskiya ne. Amma ƙasarmu hawa biyu ce: tudu mai marmara da tsakuwa a sama, fadamar gulbin Rima da gulbin Sakkwato a ƙasa. Rayuwar mutanen karkara duk a kan wannan hawa da gangara take.

A tudu gero ne da dawa da wake, damina ɗaya, shi ke nan. Da rani sai karmami da rumbunan laka a tsaye bayan gari. Rijiya tana da zurfi, har za ka iske an ɗaura wa jaki ko raƙumi igiyar guga, yaro yana kora shi, sai ya yi nisa sannan gugan ya leƙo. Ka saki birki ka gangara, cikin 'yan mintuna iska ta canza. Warin albasa da tafarnuwa ya tare ka, injin ban-ruwa yana ta ƙugi, ga shinkafa kore shar a watan da tudu ya ƙone ƙurmus. Sau da yawa mutum guda ne ke noma duka biyun, kuma tsohon kekensa Raleigh ne ke kai shi ya dawo da shi, buhun taki ɗaure a kariya.

Tarihin ma sai ka taka feda yake zama a kai. Mun karanta cewa Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya mayar da Wurno ribaɗi, wato garin tsaron iyaka, can ya rasu a 1837, can hubbarensa yake. To ka hau tudun garin da ƙafarka, numfashi na sama-sama, ka juyo ka dubi fadama a ƙarƙashinka. Ba sai malami ya yi maka bayanin dalilin zaɓen wurin ba. Haka Sifawa ta wajen Boɗinga, inda Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya zauna kafin ya komo Sakkwato a 1815.

Wani abu kuma: mai keke ba ya wuce mutane babu sallama. Ka tsaya gindin bedi, dattijo ya ce, "Sannu da hanya, ɗana, daga ina?" Kafin ka amsa an miƙo maka ruwan randa, wataƙila da hura. Kada ka zaro waya ka hau ɗaukar hoton matan da ke daka. Wannan rashin kunya ce, ko da sunan bincike ka zo.

Shiri ba shi da yawa. Famfo, gam da faci, sifana, da jarkar ruwa, domin ƙaya ba ta san sabuwar taya ba. Lokaci kuwa hunturu, daga Disamba zuwa Fabrairu. A Afrilu zafi yana haura digiri 40, wanda ya fita a lokacin da kansa yake faɗa. A tashi bayan asuba, a yi ƙailula, a ci gaba da la'asar. In da hali a daidaita da ranar kasuwa, Achida Laraba, Illela Lahadi. Tun da aka cire tallafin fetur a 2023 kekuna sun ƙaru a hanya, mai faci ba ya wuyar samu.

Sai maganar da ba a so. Gabashin jiha, wajen Isa da Sabon Birni, da kuma yankin Tangaza da Gudu, ba wurin yawon keke ba ne a halin tsaron da ake ciki. Ko hanyar Wurno a tambayi direbobin tasha kafin a fita. Kada a yi tafiyar dare, in za a kwana kuma a fara kai gaisuwa wurin mai gari ya san da zuwanka.

Na ga ladan ya miƙe. Masu tambaya su riƙe ta sai mun idar da salla.