Hular NY da Mutumin da Ya Mai da Wasan Besbol Kasuwa

Jama'a masu saurare, assalamu alaikum, barkanmu da war haka.

Ina da tabbacin a cikin masu saurarenmu yanzu akwai wanda ke sanye da hular nan mai baki a gaba, wadda aka ɗora harafin N a kan harafin Y a goshinta. Ɗan acaɓa na sa ta, mai wankin mota na sa ta, a wajen 'yan gwanjo kuwa tuli guda ake zube ta. Idan ka tambayi mai ita me haruffan ke nufi, wanda ya yi ƙoƙari shi ne zai ce maka New York. Ƙalilan ne za su ce tambarin wata ƙungiyar wasa ce mai suna Yankees, kuma da wuya ka samu wanda ya taɓa zama ya kalli wasan nata daga farko har ƙarshe. Sharhinmu na yau a kan mutumin da ya riƙe wannan ƙungiya shekara 37 ne, George Steinbrenner, da kuma halin da wasan besbol ya shiga a zamaninsa da bayansa.

Ga wanda bai san wasan ba, mutum tara ne a kowane ɓangare. Ɗaya ya jefo ƙwallo mai tauri, abokin hamayya ya make ta da kulki, ya zura da gudu yana zagaya tashoshi huɗu kafin a maido ƙwallon. Ƙungiya 30 ce a babbar gasar, kowacce tana buga wasa 162 a kaka, sannan a ƙare da jerin wasannin da suke kira World Series, wato wai na duniya, duk da cewa ƙungiya 29 na Amurka ne, ɗaya tak ta Kanada. Amurkawa dai ba su da ƙyashin yi wa kansu kirari.

A watan Janairun 1973 ne Steinbrenner, wani attajiri mai kamfanin ƙera jiragen ruwa daga yankin Cleveland, ya jagoranci wasu abokansa suka sayi Yankees daga hannun kamfanin talabijin na CBS a kan kusan dala miliyan 10. Ƙungiyar ta faɗi warwas a lokacin. Gidan da gwarazan wasan irin su Babe Ruth da Joe DiMaggio da Mickey Mantle suka yi tashe, a kakar 1972 'yan kallonsa ba su cika miliyan 1 ba. Da ya fito gaban 'yan jarida sai ya ce shi ba zai riƙa tsoma baki a harkar yau da kullum ba, ƙirar jiragensa zai ci gaba da yi. Ban san wani alƙawari da aka yi saurin karyawa kamar wannan ba. Ba a daɗe ba aka laƙaba masa suna The Boss, wato Oga, sunan da ya bi shi har kabari.

Ogan ya fara da gashin kai. Ya kafa doka cewa ɗan wasan Yankees ba ya barin gemu, ba ya tara suma har ta sauko wuyan riga, gashin baki kaɗai aka yarda da shi. A 1991 har kyaftin ɗin ƙungiyar, Don Mattingly, sai da aka ajiye shi a benci saboda ya ƙi zuwa aski. Masu horarwa kuwa, kamar riga yake canza su: sau 20 a kaka 23 na farko. Billy Martin shi kaɗai sau biyar yana zama koci, sau biyar yana barin kujerar. Amma wanda ya fi tsaya wa mutane a rai shi ne na Yogi Berra, dattijon da kowa ke ganin girmansa a gidan. A 1985, wasa 16 kacal da fara kaka, Steinbrenner ya sallame shi, kuma bai iya kiransa ya faɗa masa da bakinsa ba, sai ya aika ɗan saƙo. Berra ya yi rantsuwa ba zai ƙara taka filin Yankees ba muddin mutumin nan ne mai gida. Shekara 14 ya yi a kan bakansa, sai da Steinbrenner ya taka da ƙafarsa ya je ya ba shi haƙuri a 1999.

To amma da zafin rai kaɗai ba a cin kofi. Abin da ya bambanta shi da sauran masu ƙungiyoyi shi ne ya riga su fahimtar cewa zamani ya juya. A da, ɗan wasa tamkar kadarar ƙungiya yake, ba shi da ikon tafiya ko da kwantiraginsa ya ƙare. A tsakiyar shekarun 1970 ƙungiyar ƙwadagon 'yan wasa ƙarƙashin Marvin Miller ta karya wannan tsari. Sauran attajirai na ta kukan za a talauta su, shi kuwa sai ya buɗe bakin aljihu. A jajibirin sabuwar shekarar 1975 ya ɗauko Catfish Hunter a kan sama da dala miliyan 3, a zamanin da matsakaicin albashin ɗan wasa bai kai dala dubu 50 a shekara ba. A ƙarshen 1976 ya ƙara da Reggie Jackson. Kwalliya ta biya kuɗin sabulu: a wasa na shida na World Series ɗin 1977, Jackson ya make ƙwallo sau uku a jere tana tsallake shinge, Yankees ta ɗauki kofi, ta kuma maimaita a 1978. Duk mai kallon ƙwallon Turai da ya ga abin da kuɗin Abramovich suka yi a Chelsea ya san irin wannan labari, sai dai shi Steinbrenner ya riga shi da kusan shekara 30.

A nan ne kuma labarin ya yi wani irin juyi da ni a wurina ya fi komai ban sha'awa. Daga 1979 har 1995 Yankees ba ta sake ɗaga kofi ba, duk da kuɗin da ake zubawa. Oga ba shi da haƙurin jiran yaro ya girma. Da zarar matashi ya yi tuntuɓe sai a musanya shi da wani tsohon tauraro da ƙarfinsa ya fara ƙarewa, yaron kuma ya je wata ƙungiya ya zama gwarzo. Ana cikin haka ya shiga rigima da Dave Winfield, ɗan wasan da ya ba kwantiragin shekara 10 na dala miliyan 23. Rigimar ta kai har ya biya wani ɗan caca, Howie Spira, dala dubu 40 don ya tono masa asirin Winfield. Asirinsa ne ya tonu. Ranar 30 ga Yulin 1990 kwamishinan wasan, Fay Vincent, ya haramta masa gudanar da ƙungiyar. Ana tsakiyar wasa a filin Yankees labarin ya bazu ta ƙananan rediyoyin da 'yan kallo ke riƙe da su, sai jama'a suka miƙe tsaye suna tafi. Ku duba fa, magoya baya ne ke murnar an kori mai gidansu. Ba wannan ne karo na farko ba ma, don a 1974 an taɓa dakatar da shi bayan ya amsa laifin ba da gudummawar kuɗi ta haramtacciyar hanya ga yaƙin neman zaɓen Richard Nixon, laifin da Ronald Reagan ya yafe masa a 1989.

A cikin shekarun da ba ya nan, Gene Michael, wanda aka bar wa ragamar tsara 'yan wasa, ya samu sararin yin abin da Oga ba ya bari a yi, wato raino. Ya ƙi sayar da Bernie Williams. Aka bar Andy Pettitte da Jorge Posada da Mariano Rivera, ɗan masunci daga Panama, suna girma a ƙananan ƙungiyoyi. A 1992 aka ɗauko Derek Jeter. Da Steinbrenner ya dawo a 1993 sai ya tarar an yi shuka ta fito. Waɗannan yara su ne ƙashin bayan ƙungiyar da ta ci kofi a 1996, 1998, 1999 da 2000, huɗu daga cikinsu kuma suna nan har aka ci na 2009. Ke nan a cikin kofuna 7 da ake lissafa masa, tushen 5 an kafa shi ne lokacin da aka ɗaure masa hannu. Masoyansa ba sa son jin wannan. Su ma suna da abin faɗa, don shi ne ya zuba kuɗin da ya riƙe yaran bayan sun zama taurari, kuma an shaide shi da alheri, musamman gidauniyar da ya kafa a 1982 don karatun 'ya'yan 'yan sanda da 'yan kwana-kwana da suka mutu a bakin aiki.

Ainihin gadonsa dai, a ganina, yana wajen talabijin da tambari. A 1988 ya sayar wa tashar MSG haƙƙin nuna wasanni na shekara 12 a kan kusan dala miliyan 500, kuɗin da ba a taɓa jin irinsu ba. Da ya ga ribar da masu tasha ke ci, sai ya ce me zai hana ya buɗe tasa, aka buɗe YES a 2002. Ya ƙulla ciniki da Adidas a 1997 duk da fushin sauran masu ƙungiyoyi, a 2001 kuma aka yi ƙawancen tallace-tallace da Manchester United. Ƙungiyar da aka saya dala miliyan 10, mujallar Forbes ta ƙiyasta ta a dala biliyan 1.6 a shekarar da ya rasu, a 2025 kuma ta haura biliyan 8. Kamfanin iyalinsa a yau yana da hannun jari a AC Milan, yana kuma tarayya da masu Manchester City a ƙungiyar ƙwallon ƙafa ta New York City.

To ina wasan shi kansa? A 1948 kamfanin jin ra'ayin jama'a na Gallup ya tambayi Amurkawa wasan da suka fi son kallo, kashi 39 cikin 100 suka ce besbol. A 2017 kashi 9 ne suka faɗi haka. A ƙarshen 2023 kashi 10 ne, yayin da ƙwallon ƙafar Amurka, mai kama da zari-ruga, ta kwashe kashi 41. World Series ɗin 1978 tsakanin Yankees da Dodgers, mutum kusan miliyan 44 ke kallon kowane wasa. Waɗannan ƙungiyoyi biyu sun sake haɗuwa a 2024, masu kallo a Amurka ba su cika miliyan 16 ba, kuma aka yi ta murna, saboda na 2023 miliyan 9 ne da 'yan kai. Wasan ƙarshe na ƙwallon ƙafar Amurka kuwa yana tara sama da miliyan 120.

Ba zan ɗora wa Steinbrenner laifin wannan ba, domin tun 1972, kafin ya sayi ƙungiyar, ƙwallon ƙafar Amurka ta riga ta sha gaba. Ita wasa ɗaya take yi a mako, kowa ya tanadi ranar Lahadi, besbol kuwa kusan kullum ne, abin da ake samu kullum kuma ba a ɗokinsa. Yajin aikin 'yan wasa na 1994 ya sa aka soke World Series karo na farko tun 1904, mutane da yawa suka yi fushi. Bayan nan aka shiga badaƙalar ƙwayoyin ƙara kuzari. Tun 1987 ba a sake buga wasan World Series da rana ba, saboda masu talla sun fi son dare, yaran da za su taso da son wasan kuma sun yi barci kafin a tashi. Wasan da Jackie Robinson ya karya shingen wariyar launin fata a cikinsa a 1947, baƙaƙen fatar Amurka sun taɓa kaiwa kusan kashi 18 na 'yan wasansa, yanzu suna wajen kashi 6.

Abin da zan ɗora masa shi ne ya koya wa masu ƙungiyoyi hanyar da ba za su ji zafin wannan raguwa ba. Idan kana da tasharka, kuma kowane gida mai biyan kuɗin talabijin a yankinka yana biyanka, ko yana kallo ko ba ya kallo, me zai dame ka don yaran unguwa sun koma ƙwallon kwando? Kuɗin shiga na gasar ya haura dala biliyan 12 a 2024, matsakaicin albashi ya wuce dala miliyan 4. Ciki ya ƙoshi, shi ya sa aka daɗe ba a nemi magani ba. Sai da jama'a suka fara yanke wayar talabijin suna komawa intanet, kamfanin Diamond Sports mai nuna wasannin ƙungiyoyi da dama ya shelanta karyewa a Maris 2023, sannan ido ya raina fata. A shekarar ce aka kawo agogon da ke tilasta wa mai jifa ya saki ƙwallo cikin daƙiƙa 15 idan babu kowa a tashoshi. Wasan da ke cin sama da awa 3 ya dawo awa 2 da minti 40, 'yan kallo a filaye suka sake haura miliyan 70, ko da yake ba su kamo miliyan 79 na 2007 ba. Ɗokin da ya ragu a Amurka kuma yana nan da ransa a Japan da Koriya ta Kudu da Jamhuriyar Dominika da Benezuwela. Saboda Shohei Ohtani, tauraron Dodgers ɗan ƙasar Japan, Japanawa kimanin miliyan 12 ke kallon kowane wasa na World Series ɗin 2024, alhali da safe ake nuna shi a can.

Steinbrenner ya rasu ranar 13 ga Yulin 2010 a Tampa yana da shekara 80, shekara guda bayan buɗe sabon filin Yankees. Allon tunawa da aka kafa masa a filin ya fi na Babe Ruth girma, amma har yau masu zaɓe ba su shigar da shi zauren gwarazan wasan da ke Cooperstown ba. Ɗansa Hal ne ke riƙe da ƙungiyar, kuma tun 2009 ba su sake ɗaga kofi ba. Da kakar 2024 ta ƙare, tauraronsu Juan Soto ya samu 'yancin tafiya. A Disamba Yankees ta taya shi dala miliyan 760, sai Steve Cohen, attajirin da ke da Mets, maƙwabtansu a birni ɗaya, ya taya miliyan 765 ya tafi da shi. Magoya bayan Yankees suka yi ta ƙorafin kuɗi sun lalata wasa, ka san wanzami ba ya son jarfa. Wata biyu bayan haka, a Fabrairun 2025, Hal ya fito ya sanar cewa daga yanzu ɗan wasan Yankees zai iya barin gemu, muddin zai riƙa gyara shi, saboda yana tsoron kada dokar mahaifinsa ta sa wani gwanin ɗan wasa ya ƙi zuwa.

Sai mun sake haɗuwa a shiri na gaba, a huta lafiya.