Amsoshin Tambayoyinku: Manhajojin hira da labaran sababbin makamai

Masu sauraro, assalamu alaikum, barkanmu da sake saduwa a filin Amsoshin Tambayoyinku. Wasiƙun wannan makon sun fi karkata ga abubuwa biyu: manhajojin ƙirƙirarriyar basira da ake hira da su, irin su ChatGPT da Gemini, da kuma labaran sababbin makamai da ke yawo a wayoyinmu. Mun haɗa su a shiri ɗaya saboda mun lura da yawanku manhajar kuke tambaya game da makaman.

Za mu fara da wasiƙar wani ɗalibi da ke rubuta kundin kammala digiri. Ya ce ya nemi ChatGPT ta ba shi sunayen littattafai a kan maudu'insa, ta jero masa su har da marubuta da shekarar bugawa, amma da ya je ɗakin karatu sai ya tarar wasu daga ciki babu su a duniya. Yana tambaya: da gangan take yin ƙarya?

To ɗalibi, Allah Ya ba da sa'a. Don ka gane abin da ya faru, sai ka san yadda aka gina ta. An ɗura mata rubuce-rubuce masu ɗimbin yawa daga intanet da littattafai, aka horar da ita a kan aiki guda: idan an ba ta farkon magana, ta hasaso kalmar da ta fi dacewa ta biyo baya, sannan wadda ke bin wannan, har jimla ta cika. Daga baya mutane suka ƙara mata horo don amsoshinta su yi daɗin ji. A duk wannan aiki babu wurin da take buɗe wani rumbu ta duba ko littafin nan yana nan ko ba ya nan. Ta san kamannin sunan littafi, ta san inda ake sa sunan marubuci da shekara, sai ta ƙera maka wanda ya yi kama da na gaske. Kamar ɗalibin da ya ƙware a salon amsa jarrabawa ne, wanda ba ya taɓa barin takarda babu rubutu, ko ya san amsar ko bai sani ba. Abin da ya fi damuna shi ne, muryar da take faɗin gaskiya da ita, da ita take faɗin wanda ta ƙirƙira, ba gargada ba in'ina.

Kuma ba kai kaɗai ta yi wa haka ba. A shekarar 2023 wasu lauyoyi a birnin New York suka miƙa wa kotun tarayya takardar hujjoji a wata ƙara da aka shigar kan kamfanin jiragen sama na Avianca, suka kafa hujja da tsofaffin shari'o'i shida da ChatGPT ta ba su. Babu ko ɗaya da aka taɓa yi. Ɗaya daga cikin lauyoyin ma ya koma ya tambayi manhajar ko shari'o'in na gaske ne, ta ce masa ƙwarai kuwa. A watan Yunin 2023 alƙali ya ci su tarar dala 5,000. Saboda haka kada ka tambaye ta ta tabbatar da kanta. Duk sunan littafi, duk adadi, duk maganar da ta jingina wa wani, ka nemo asalinsa da idonka kafin ya shiga kundinka. A wajen tsara babi, gyara jimla, ko bayyana maka darasin da ya shige maka duhu kuwa, tana da amfani sosai, ka mora.

Wata malama ta rubuto a taƙaice, ta ce ta tambayi manhajar wani abu da ya faru kwanan nan, sai ta kawo mata tsohon labari. Malama, horon da ake yi wa kowace irin wannan manhaja yana da ranar da aka tsayar da shi, abin da ya faru bayan ranar ba ya cikin kanta. Wasu yanzu an haɗa su da injin bincike, suna leƙa intanet kafin su amsa. Hakan ya rage matsalar, sai dai idan shafin da ta leƙa shirme ne, shirmen za ta taƙaita miki cikin harshe mai kyau. Ki riƙa danna mahaɗin da ta nuna, ki ga wane ne ya rubuta, kuma yaushe.

Yanzu ga wasiƙar da ta fi ɗaukar hankalina. Wani bawan Allah ya ce ya ga bidiyo ana cewa Rasha na da makami mai linzami, Kinzhal, wanda babu na'urar da za ta iya kakkaɓo shi. Ya tambayi manhaja, ta yi masa bayanin da ya goyi bayan haka. Washegari ya sake tambaya ta wata fuskar, sai ta ce ana iya harbo shi. Ya ce, to wanne zai ɗauka?

Malam, bari mu fara da abin da aka sani. Ranar 1 ga Maris 2018 Shugaba Vladimir Putin ya gabatar da Kinzhal tare da wasu makamai a jawabinsa ga majalisar dokokin ƙasarsa, ya ce garkuwar abokan gaba ba za ta iya tare su ba. Daga jirgin yaƙi samfurin MiG-31 ake sakinsa, kuma Rasha ta ce gudunsa ya ninka na sauti sau 10. Duk makamin da ya ninka gudun sauti sau 5, wato wajen kilomita 6,000 a sa'a guda, ana sa shi a ajin makamai masu tsananin gudu da ake ta zuzutawa. Amma gudu kaɗai ba sabon abu ba ne. Rokar V-2 da Jamus ta riƙa harba wa Landan a 1944 ta kusa wannan gudu, manyan makamai masu ƙetare nahiyoyi kuwa sun daɗe suna ninka shi. Abin da ke da wuyar ƙerawa shi ne makamin da zai riƙa sauya hanya alhali yana cikin wannan gudu, kuma masana da yawa suna ganin Kinzhal ɗan'uwan Iskander ne, makamin Rasha da ake harbawa daga ƙasa, aka mayar da shi ana harbawa daga sama. A farkon watan Mayun 2023 Yukren ta ce ta kakkaɓo guda a sararin samaniyar Kyiv da na'urar Patriot ta Amurka, ma'aikatar tsaron Amurka ta gaskata, Rasha ta musanta.

Kada kuma wannan ya sa ka ɗauka cewa wancan ɓangaren ba ya cika baki. Ita kanta Patriot tana da nata tarihin. A yaƙin Tekun Fasha na 1991, Shugaba George Bush babba ya tsaya a masana'antar da ke ƙera ta ya ce ta tare makaman Scud na Iraƙi 41 daga cikin 42 da ta yi yunƙurin tarewa. Bayan yaƙin, Farfesa Theodore Postol na jami'ar MIT ya bi bidiyoyin ɗaya bayan ɗaya ya ce ba haka ba ne. A 1992 ofishin binciken kuɗi na majalisar dokokin Amurka ya ce kashi 9 cikin 100 ne kawai na harbin suke da ƙwaƙƙwarar shaidar cewa an lalata makamin. Ranar 25 ga Fabrairun 1991 kuma wani Scud ya faɗa barikin soja a Dhahran ta Saudiyya ya kashe sojojin Amurka 28, saboda agogon kwamfutar Patriot ɗin ya kauce da kusan sulusin daƙiƙa bayan ta yi wajen sa'o'i 100 a kunne.

To daga ina manhajar ta samo nata bayanin? Daga jawabin shugabanni, da tallan kamfanonin ƙera makamai, da rahoton 'yan jarida, da gardamar mutane a intanet. Yawancin sakamakon gwajin makami na haƙiƙa sirri ne da ke kulle a ma'aikatun tsaro, bai shiga abin da aka horar da ita da shi ba. Sannan tana da halin bin bakin mai tambaya. Idan ka ce mata “me ya sa ba a iya harbo Kinzhal?”, ka riga ka ɗora ta a hanya, za ta tattaro maka dalilai. Idan ka juya tambayar, ita ma ta juya. Abin da zai fi maka amfani shi ne ka ce ta faɗa maka wane ne ya yi iƙirarin, wane ne ya musanta, da shaidar da kowanne ya kawo, sannan ka je ka duba. Ka kuma riƙa tambayar kanka: a filin gwaji aka ga wannan bajinta ko a fagen daga? Harsasan atilare na Excalibur da tauraron ɗan'adam ke yi wa jagora sun yi suna wajen dacewa da inda aka auna, amma rahotanni a 2024 sun nuna dacewarsu ta ragu ƙwarai a Yukren bayan Rasha ta riƙa toshe siginar GPS.

Wata baiwar Allah kuma hankalinta ne ya tashi. Ta ce ta ji labarin wani jirgi marar matuƙi mai ƙirƙirarriyar basira da ya juya ya kashe sojan da ke sarrafa shi saboda sojan yana hana shi kai hari. Hajiya, kwantar da hankalinki, wannan bai faru ba. Wani kanar na rundunar sojan saman Amurka, Tucker Hamilton, shi ya ba da labarin a wani taron masana harkar jiragen sama a Landan a watan Mayun 2023, a matsayin gwajin da aka yi a kwamfuta. Labarin ya zagaye duniya. Daga baya rundunar ta ce ba a taɓa yin irin wannan gwaji ba, shi ma kanar ɗin ya janye, ya ce misali ne kawai na abin da ka iya faruwa. Sai dai janyewar ba ta yi tafiyar da labarin farko ya yi ba, shi ya sa har yau yake iso miki.

Amma ba zan ce miki babu abin damuwa ba, don akwai. A watan Maris 2021 kwamitin ƙwararru na Majalisar Ɗinkin Duniya kan Libiya ya ba da rahoton cewa a 2020 an bi mayaƙan Khalifa Haftar da ke ja da baya da ƙananan jirage marasa matuƙa, ciki har da Kargu-2 ƙirar kamfanin STM na Turkiyya, waɗanda aka tsara su iya kai hari ba tare da suna haɗe da mai sarrafawa ba. Jaridu da yawa suka buga cewa na'ura ta kashe mutum da kanta a karon farko. Rahoton bai ce an kashe kowa ta wannan hanya ba, kamfanin kuma ya ce jirginsa ba ya kai hari sai mutum ya danna. A nan ya kamata mu tsaya tsakiya. A watan Oktoban 2023 Sakatare Janar António Guterres da shugabar ƙungiyar agaji ta Red Cross ta duniya suka yi kira da a ƙulla yarjejeniya kan irin waɗannan makamai kafin ƙarshen 2026, a watan Disamba kuma babban zauren Majalisar ya zartar da ƙudurinsa na farko a kan batun da ƙuri'u 152. Ni a ganina wannan kira yana kan hanya. Na'urar da za ta iya kuskure ba tare da ta san ta yi ba, bai kamata a bar mata hukuncin ran ɗan'adam ba. Ranar 26 ga Satumban 1983 kwamfutar gargaɗi ta Tarayyar Sobiyat ta nuna Amurka ta harbo makamai masu linzami. Jami'in da ke bakin aiki, Stanislav Petrov, ya yi shakka, ya kai rahoto cewa kuskure ne. Ashe hasken rana ne a kan gajimare ya ruɗi tauraron ɗan'adam.

Wani matashi ya tambaya ko makamin hasken lesa gaskiya ne. Gaskiya ne, ɗan'uwa. A watan Janairun 2024 Birtaniya ta sanar da cewa ta gwada nata, DragonFire, a tsibiran Hebrides, ta ce kowane harbi bai wuce fam 10 ba. Arha ce ƙwarai idan aka kwatanta da makamin kakkaɓowa. Sai dai hazo da ƙura da ruwan sama suna raunana hasken, dole ya daɗe a wuri guda a jikin abin da ake hari kafin ya ƙona shi, yana kuma cin lantarki mai yawa. Ya fi dacewa da ƙananan jirage marasa matuƙa da ke kusa.

Tambaya ta ƙarshe daga wani mai sauraro ne da ya ce shi yake kula da wani zauren WhatsApp, bidiyoyin yaƙi sun yi masa yawa, ko manhajar za ta iya tantance masa na gaske da na bogi? Malam, kada ka dogara da ita a wannan. Za ta iya bayyana maka abin da ke cikin hoto, amma ba ta san wanda ya ɗauka ba, ko a ina, ko yaushe. An sha yanko bidiyo daga wasan kwamfuta na Arma 3 a yaɗa a matsayin yaƙin gaske, har kamfanin da ya ƙirƙiri wasan ya fito ya yi gargaɗi. Ranar 22 ga Mayun 2023 wani hoton bogi na fashewa kusa da ginin Pentagon, hedikwatar ma'aikatar tsaron Amurka, ya girgiza kasuwar hannun jarin Amurka na 'yan mintoci kafin hukumomi su ƙaryata. Abin da za ka yi shi ne ka ɗauki hoton wani ɓangare na bidiyon ka sa a binciken hoto na Google, sau da yawa za ka tarar ya shekara da shekaru a intanet da wani suna daban. Ka kula da bidiyon da hotonsa ya dusashe da gangan, ko na dare ne, ko ba a ganin fuskar kowa a kusa. Idan kuma harin babba ne har haka, amma babu kafar labarai ko ɗaya mai wakili a wurin da ta ambace shi bayan sa'o'i, ka riƙe shi a wayarka, kada ka tura wa jama'ar zauren.

Lokacinmu ya ƙare a nan. Sauran wasiƙun da suka shafi amfani da waɗannan manhajoji wajen neman shawarar magani, mun ajiye su sai mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu.