Ciwon Hanji Mai Tashi Ya Kwanta, Da Ƙuncin Da Yake Zuwa Da Shi

Assalamu alaikum warahmatullah. Na baya kuna jina? To, madalla. An ce mini minti arba'in gare ni, na kuma shirya abubuwa huɗu. Allah ya sa mu kai ƙarshensu.

Na farko, wane ciwo muke magana a kai? A nan wajenmu duk wanda ya ga jini a bayan gida sai ya ce basir ne, duk wanda cikinsa ya yi zafi kuma olsa ce. Cuta biyu kawai muke da su a ƙasar Hausa, sai maleriya da taifot su cika huɗu. (dariya) To, akwai wani ciwo daban, inda garkuwar jikin mutum da kanta take juyowa tana yaƙar bangon hanjinsa, ya kumbura, ya yi gyambo. Iri biyu ne manya. Ɗaya yana tsayawa a babban hanji, ya faro daga dubura ya yi sama, shi ne gyambon babban hanji. Ɗayan cutar Crohn, sunan wani likita Burrill Crohn da ya bayyana ta da abokan aikinsa biyu a New York a 1932, ita ko'ina tana iya kamawa daga baki har dubura, amma ta fi son ƙarshen ƙaramin hanji. Alamunsu gudawa ta makonni, jini da majina, murɗawar ciki, rama. Ya lafa wata shida, ka ce ka warke, ya dawo. Kuma ku lura, atini da tarin fuka na hanji suna kama da shi ƙwarai a yankinmu, shi ya sa sai an duba bayan gida da jini, an leƙa hanjin da na'ura, kafin a sa masa suna.

Na biyu abinci, zan dawo kansa. Bari in tsallaka zuwa na uku tukuna, wato ƙuncin da ciwon ke zuwa da shi, don shi ne ya kawo ni.

Wani magidanci ya zo wurina, mai shago ne, shekarunsa ba su kai arba'in ba. Na tambaye shi sau nawa yake kewayawa a rana, ya ce takwas, wani lokaci goma. Na ce me ya fi damunka, ina jiran ya ce jinin. Ya yi shiru, ya sunkuyar da kai, ya ce, “Likita, wata biyar ban yi sallar Juma'a a sahun gaba ba.” Yana tsayawa can bakin ƙofa kusa da ban ɗaki, wani lokaci ma ba ya zuwa. Ya daina zama majalisa. Ɗaurin aure sai dai ya aika. Motar haya zuwa garinsu, tafiyar awa uku, ya rabu da ita, don ina zai ce wa direba ya tsaya sau huɗu? Kafin ya shiga ko'ina, idonsa na neman makewayi. Ku dube shi da kyau, jama'a. Mutumin da aka cire masa masallaci, aka cire masa majalisa, aka cire masa zumunci, me ya rage masa? Ɗaki da waya. Kuma ba ciwon da za ka faɗa a bainar jama'a ba ne. Mai ciwon ƙafa ana zuwa a ce sannu. Mai wannan, wa zai gaya wa? Iyayena mata, naku ya fi, don mace za ta shekara tana wanke zani a ɓoye mijinta bai sani ba.

To, ƙuncin nan ba daga kunya kaɗai yake zuwa ba. Hanji da ƙwaƙwalwa suna hira dare da rana. Akwai wata doguwar jijiya da ta sauko daga kai ta ratsa ƙirji ta shiga ciki, kuma yawancin saƙon da ke bin ta daga ƙasa yake tafiya sama. Ku da kanku kun sani: ranar jarrabawa ko ranar shiga kotu, ina ake fara ji? A ciki. Bahaushe ma ai cewa yake “cikina ya ɗuri ruwa”. Haka kuma kumburin da ke hanji yana sakin sinadarai cikin jini waɗanda ke sa kasala da rashin sha'awar komai, irin yadda kake ji in mura ta kama ka, sai dai wannan ta watanni ce. Ƙara da jinin da ke zuba kullum, ƙarancin jini ya shigo, mutum ya hau bene hawa ɗaya yana haki. Mai Crohn kuma ƙarshen ƙaramin hanjin nan shi ke tsotsar bitamin B12, in ya lalace sai ta yi ƙaranci, ga mantuwa ga gajiya. Har maganinmu ma yana da nasa. Firednisolon, wanda muke bayarwa in ciwon ya tashi, yana hana barci, ya kumbura fuska, ya sa mutum faɗa da fushi babu dalili. Uwargida ta ce Alhaji ya canza hali, nan kuwa ƙwaya ce. (dariya) Alhaji na gaba yana murmushi, kai ba a ba ka ba, naka halinka ne. (dariya)

Abin da nake so ku riƙe, ina maimaitawa: damuwa ba ita ta haifar da ciwon ba, kada a ce wa mutum tunani ne ya sa masa. Amma damuwa tana tayar da shi, shi kuma yana ƙara damuwa, suna ta zagaye. Kuma don Allah a daina ce wa mai irin wannan ƙuncin ba shi da tawakkali. Mutumin nan nawa da na ba ku labari, ya fi ni tsayuwar dare. Abin da muka yi masa, bayan magani, muka gyara masa jini. Na ce ya zaɓi mutum ɗaya, ɗaya tak, ya gaya masa gaskiya. Ya zaɓi amininsa. Aminin ya riƙa biyo masa bayan la'asar su taka ƙafa minti ashirin ko talatin a unguwa, inda ya san gida na kusa. Tafiyar nan magani ce ga zuciya, haka barci a kan lokaci, haka ajiye waya da dare. In kuwa ƙuncin ya wuce mako biyu, ba ci ba barci, ba abin da ke daɗi, ko mutum ya fara cewa gara ya mutu ya huta, wannan ranar a kai shi asibiti, akwai likitocin wannan fanni, ba na mahaukata kaɗai ba ne.

Ana nuna mini agogo. To, abinci, a gurguje. Babu abinci ɗaya da ke warkar da shi. Sami littafi ka riƙa rubuta abin da ka ci da yadda ka kwana, bayan wata guda za ka gane maƙiyanka, don na wani ba naka ba ne. In ya tashi, a koma kunu, koko, farar shinkafa mai laushi, ayaba, ƙwai, kifi, kaɗan-kaɗan sau da yawa, da ruwan gishiri da sukari. A ɗaga wa yaji, gyaɗa, ɗanyen ganye da soye-soye ƙafa. In ya lafa a dawo da abinci a hankali, kada a zauna kan kunu har a ƙare. Wanda madara ke dama wa ciki ya gwada kindirmo.

Na biyar, au, huɗu na ce ko? To, ku yi haƙuri. Taba: mai Crohn ya bar ta, tana ƙara tashin ciwon da yawan tiyata. Ibufurofen da daikulofenak da kuke saya a kemis suna iya tayar da shi. Kurkum an gwada sinadarinsa a Japan a 2006, giram 2 a rana, ga masu gyambon babban hanji, ya rage dawowar ciwon, amma tare da maganin asibiti aka ba su, ba a madadinsa ba. Jiƙon basir na mota mai lasifika kuwa, wanda ke sa gudawa wai wankin ciki, a kan hanjin da ke da gyambo...

Na'am, Hajiya? A miƙa mata abin magana.

(Wata mata ta ce ƙanwarta na da ciwon, an ware mata kwano da buta a gidan miji, shin ana ɗauka?)

Subhanallah. Hajiya, ba a ɗauka. Ko kaɗan. Ba ta kwano, ba ta buta, ba ta kwanciya. Yana ɗan bin jini a wasu dangi, amma mafi yawan 'ya'yan masu shi ba sa samu, kuma tana iya haihuwa, sai dai a nemi cikin lokacin da ciwon ya kwanta, a kuma sanar da likitanta tun kafin nan, don akwai maganin da ba a sha da ciki. Wa ya ware kwanon, mijin ko uwar mijin? To, kada ki faɗa a nan. Ranar da za ta koma asibiti ki ce ya raka ta, ya ji daga bakin likita. Kafin nan ke ki je gidan gobe, ki sa hannu a kwanon nan ku ci tare a tsakar gida, inda kowa zai gani. Ki tsaya bayan an tashi, ina son ganinki.