Minti ashirin da ke ƙone sabon salansa

Ku dubi bututun nan guda huɗu da suka fito daga gefen inji, suna sheƙi kamar sabon kwanon silba. Su ne kanikawan Amurka ke kira heda. Motar da ta fito daga kamfani manifol take zuwa da shi, wato dunƙulen ƙarfen zubi mai nauyi da ke tara hayaƙin duka silindu wuri guda. Masu farfaɗo da tsofaffin injunan V8, wato masu silinda takwas, huɗu a kowane gefe, irin su Chevrolet 350, sukan cire shi su ɗaura wannan, kowace silinda da nata bututun, don hayaƙi ya fita babu cunkoso. Sheƙin nan kuwa ba fenti ba ne. Siramik ne da aka gauraya da garin alminiyam, aka fesa, aka gasa a tanda. Yana hana tsatsa, yana kuma tsare zafi a cikin bututu, kada ya dafa wayoyin filogi.

To, ga ɗan'uwansa nan. Ku matso ku ga wuyansa, daidai inda ya kama kan inji. Kamar tsawon tafin hannu ya koma ruwan toka, ya dushe, idan ka shafa ka ji kaushi. Wannan ko titi bai taɓa hawa ba. A cikin gareji aka yi masa haka, ranar da aka fara tayar da injin.

Laifin daga kamshaf ya faro, wato sandar ƙarfe mai ƙusumbi-ƙusumbi da ke juyawa tana buɗe bawul. A irin waɗannan tsofaffin injuna, tafet ɗin, wato ɗan ƙarfen da kamshaf ke turawa don bawul ya buɗe, mai shafaffen gindi ne, kai tsaye yake gogar ƙusumbin kamshaf, kuma baƙin man da ke jiƙa wurin yawancinsa fantsamowa yake yi daga karanshaf. Idan ka bar sabon inji a silo, man ba zai isa ba, ƙusumbin ya cinye tun a ranar farko. Shi ya sa da inji ya kama, sai a ɗaga shi zuwa juyi 2,000 ko 2,500 a minti, a riƙe shi nan tsawon minti 20 zuwa 30, ana ɗan hawa ana sauka. Kamshaf haka yake so. Siramik kuwa babu abin da ya tsana kamar haka.

Ga dalili. Motar a tsaye take, babu iskar da ke kaɗa bututun. Ringi sabbi ne, komai a matse, zafi ya fi na kullum. Taimin kuma, wato lokacin da filogi ke ba da wuta, da ido aka sa shi, don ba a taɓa tayar da injin ba balle a daidaita. Idan wuta ta makara ko da kaɗan ne, fetur ba ya gama ci a cikin silinda, bawul ya buɗe, sauran wutar ta bi hayaƙi ta ƙarasa ci a cikin bututu. Ƙara da kafireton da bai ba da isasshen fetur ba, iska ta fi yawa. Nan da nan sai ka ga wuyan bututun ya yi ja kamar garwashi.

Irin wannan siramik mai sheƙi, iyakarsa wajen digiri 700 ne a ma'aunin Salshiyas, alminiyam kuwa a 660 yake narkewa. Ke nan kafin idonka ya ga jan sosai, aikin gama ya gama. Kamfanonin sun san haka sarai. Hooker, kamfanin da ke ƙera heda, alal misali, a takardar da ke cikin kwalin ya rubuta cewa horar da sabon inji, wato wannan gudun farko, da bututu mai siramik zai lalata siramik ɗin, kuma garanti ya tashi. Sai dai wa ke karanta takarda ranar da sabon kaya ya iso?

Maganin ba ya cin ko sisi. Nemo tsohon manifol ɗin da ka jefar a lungu, ko wata tsohuwar heda mai tsatsa, ka ɗaura. Da ita za ka yi minti ashirin ɗin, da ita za ka sa fitilar taimin ka daidaita, ka gyara kafireto, ka zare filogi ka duba launinsu. In ta yi ja, ta yi, ba asara. Na san ƙwanƙwasa aiki sau biyu da ciwo, musamman notin baya da hannu ba ya kaiwa, amma ya fi a sake tura bututu wurin masu fesawa.

In kuma babu tsohuwar, to a rage ɓarna. Tabbatar da taimin kafin ka murɗa makulli, gara ya ɗan yi gaba da ya makara. Bar fetur ya ɗan fi yawa a kafireto. Kafa babbar fanka tana hura bututun, ka sa mutum ɗaya aikinsa kawai kallon su. Da ya ga ja, a kashe, a gyara, a ci gaba daga inda aka tsaya. Masu kamshaf mai tafet ɗin taya, wanda ke mirginawa a kan ƙusumbi maimakon guga, ku kun huta da wannan dogon gudu, amma makararren taimin zai yi muku irin wannan ta'adin.

Ranar da za ka ɗaura masu sheƙin, goge su tas da sifirit da tsumma mai tsabta. Shatin yatsa ko ɗigon baƙin mai, da zarar ya gasu, ya zauna ke nan. Tayar da inji 'yan mintuna, kashe, bar shi ya huce sarai, ka maimaita sau biyu ko uku, sannan ka fita titi inda iska za ta kaɗa su. In ka dawo ya huce, ɗauko sifana ka sake bin notin nan ɗaya bayan ɗaya, daga tsakiya zuwa gefe, don gasket ɗin ya riga ya kwanta, za ka tarar sun saki.