Wayar sifika mai tsadar gaske, tana gyara sauti kuwa?

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da sake haɗuwa. Ga wayoyi biyu nan a gabana, ba wayar kira ba fa, wayar da ake jona sifika da amfilifaya nake nufi. Wannan ta dama irin ta masu wayarin ce, jan ƙarfe zalla wato kofa, kaurinta murabba'in milimita 2.5, a mita ake yanko maka ita. Wannan ta hagun kuwa aro na yi wajen wani abokina, ku dubi rigarta kamar saƙar tabarma, ga kan nan ruwan zinare sai ƙyalli yake, kuɗin da ya zuba mata in na faɗa muku sai kun ce ƙarya nake. Shi dai ya rantse min tun da ya sa ta bes ɗinsa, wato sautin nan mai kauri irin na ganga, ya ƙara nauyi, muryar mawaƙi ta fito tas. To bari mu duba.

Wannan kasuwar ba tun fil azal take ba. A da wayar fitila mutane suke jonawa su ji kiɗansu, sai a 1979 wani mutum mai suna Noel Lee ya kafa kamfanin Monster Cable a San Francisco ta Amurka, ya fara sayar da waya mai kauri yana cewa sauti ya fi fita da ita. Kuma a lokacin da ɗan gaskiyarsa, don da yawa wayoyin da ake amfani da su sirara ne ƙwarai. Daga baya ne abin ya zama gasa, har aka kai inda a 2007 wani kamfani Pear Cable yake sayar da wayar sifika guda biyu masu tsawon ƙafa 12 a kan dala 7,250. James Randi, tsohon ɗan rufa-ido ne da ya koma tona asirin masu da'awar abin al'ajabi, ya ce ga dala miliyan 1 ga duk wanda zai rufe ido ya bambance ta da waya mai sauƙin kuɗi. Aka yi ta ja-in-ja a kan sharuɗɗa, gwajin dai bai yiwu ba.

Mene ne ma aikin wayar? Ku ɗauke ta kamar tiyon ban ruwa. Tiyo ba ya ƙara wa ruwa daɗi, iyakarsa ya kai shi inda ake so, in ya yi siriri ko ya cika tsawo sai ruwan ya zo a raunane. Haka waya take yi wa wuta turjiya, kuma da om ake auna wannan turjiyar, kamar yadda za ka ga an rubuta 8 ko 4 a bayan sifikarka. Roger Russell da ya daɗe yana aikin sifika a kamfanin McIntosh ya bayar da ƙa'ida mai sauƙi, kada turjiyar waya ta wuce kashi 5 cikin 100 na ta sifika. Sifika mai om 8 ke nan kada waya ta wuce 0.4.

Yanzu mu buga lissafi. Wannan 2.5 ɗin ta masu wayarin, kowace mita turjiyarta wajen om 0.007 ce. A falonka daga amfilifaya zuwa sifika a ce mita 5, zuwa da dawowa mita 10 ke nan tunda wutar sai ta je ta komo, ya kama 0.07. Ko kashi 1 cikin 100 na sifika mai om 8 bai cika ba. To wayar dala dubu bakwai me za ta gyara a nan, abin da ya rage ai kunnen ɗan adam ba ya kama shi.

Amma fa akwai inda waya take cutar da sauti da gaske, kuma mu nan mun fi kowa ganinsa. Mai DJ a gidan biki ko wanda ya haɗa lasifikar masallaci ya samo 'yar siririyar wayar nan mai ja da baƙi ta 0.5, ya ja ta mita 20 zuwa sifika mai om 4, turjiyarta ta kusa 1.4, wato wajen kwata na ƙarfin da amfilifaya take turowa a cikin wayar yake ƙarewa ya zama zafi, sai ka ji yana ta ƙure murya yana zagin injin alhali laifin na waya ne. Maganinsa waya mai kauri, ba mai suna ba.

Sai jabu, nan ne nake so ku buɗe ido. Na taɓa sayen nadi guda a wani shago, an rubuta kofa zalla a jiki, da na zo gida na fere ta na kankare silin da wuƙa sai ga fari fat a ciki. Alminiyan ne aka shafa masa jan ƙarfe a sama. Alminiyan kuwa wajen kashi 61 cikin 100 na abin da kofa take ɗauka yake iya ɗauka, ga saurin karyewa a wajen ɗauri. Ku kankare kafin ku biya, ko ku kunna laita a kan silin, na alminiyan nan take zai lanƙwashe ya narke, kofa kuwa ja kawai za ta yi. In maganaɗisu ya kama ta ma ƙarfe ne, ajiye musu kayansu.

Zinaren kan wayar fa? Zinare bai kai kofa ɗaukar wuta ba, amfaninsa ɗaya ne, ba ya tsatsa, kuma wannan abu ne mai kyau musamman da damina. Azurfa ta fi kofa amma da ɗan kaɗan, wajen kashi 6, ka ƙara wa kofarka kauri kaɗan ka kamo ta.

Wayoyin sigina, wato masu kai sauti cikin amfilifaya, irin su RCA mai kai ja da fari da na makirfo su kam rufin da ke jikinsu yana da muhimmanci, shi yake tare ƙugin nan na zuuu da kake ji in waya ta bi kusa da ta wuta, shi ya sa in tafiyar da nisa ake amfani da XLR, wato wayar makirfo mai ƙafa uku. HDMI da USB kuwa lambobi suke kaiwa, in sun isa sun isa, in ba su isa ba za ka ga hoto yana ɗaukewa ko sauti yana yankewa, ba wai bes ya ragu ba. Wadda ta fi ba ni dariya ita ce wayar wuta mai tsada, wutar da ta taso tun daga Shiroro ko Kainji ta biyo ɗaruruwan kilomita a wayar alminiyan, ta ratsa taransifomar unguwa da wayarin ɗin gidan haya, wai mita ɗaya da rabi ta ƙarshe ce za ta wanke ta. Gara ka sayi sitabilaiza mai kyau wallahi.

To abokina ƙarya yake? A'a, da gaske yana jin bambancin, sai dai ido da aljihu suna taya kunne ji, wanda ya kashe kuɗi kuma ya zauna ya kasa kunne sosai dole ya ji abin da da bai lura da shi ba. Sannan lokacin da ya cire tsohuwar ya sa sabuwa ya ɗaure kusoshin da kyau, wataƙila ma tsohon kan ya yi tsatsa. Kuma sauti in ya ɗan fi ƙara ko kaɗan ne, kunne sai ya ce ya fi daɗi.

Ga yadda za ku gwada a gida. Ka juya baya, ka sa ƙaninka ya riƙa canza wayoyin ba tare da ya faɗa maka ba, ya jefa kwabo kafin kowane canji don kar ka gane tsarinsa, kada kowa ya taɓa maɓallin ƙarar, waƙa ɗaya wuri ɗaya, sau 10, kai kuma kana rubuta wadda kake zato. In ka ci 9 ko 10 to kana ji da gaske, riƙe wayarka. In 5 ko 6 ne canki-canki ka yi. Ni da abokin nawa mun sa ranar Asabar, ya ce shi zai kawo shayi, duk abin da ya fito zan nuna muku.