Kacici-kacicin jaridun Ingila: wanda aka cire wa lamba

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da war haka, daga nan Mancesta. Yau zan nuna muku wani wasan ƙwaƙwalwa da mutanen ƙasar nan suka ɗauka da zafi, wato cike gidajen kalmomi na bayan jarida. Bari in matso da kyamara. Kun ga zanen nan mai gidaje 15 a tsaye, 15 a kwance, wasu baƙi wasu fari? To, shi ne.

Mai sauƙin kowa ya san shi: a ce maka babban birnin Faransa, ka rubuta, ka wuce. Na Ingila da suke kira kiriftik ba haka yake ba. Ya fi kama da kulun kulufit ɗinmu na dandali, sai dai shi yana da doka. Kowace tambaya kashi biyu ce a manne, ɗaya ma'anar amsar, ɗayan kuma dabarar haɗa haruffanta. Jimlar da ido yake gani kuwa yaudara ce zalla.

Ga wadda na ƙirƙira da Hausa don ku gane: "Kare ya haukace, sai a sha zaƙi", haruffa 4. Ku manta da kare mai haushi. "Ya haukace" umarni ne cewa a hargitsa haruffan K, A, R, E. Me ake sha mai zaƙi? RAKE. Shi ke nan, kun shigo gari.

Amma wanda ke hannuna yau an ƙara masa wata murɗiya. Ku duba da kyau, babu lamba ko ɗaya a cikin gidajen. An jero tambayoyin ne bisa harafin farko na amsoshinsu, daga A har Z, sannan aka ce kowa ya nemo wa kowace amsa mazauninta da kansa. Wanda ya yi suna da wannan salon shi ne John Graham, wani limamin coci da ya fara tsara wa jaridar Guardian wasan a 1958, daga baya ya riƙa sa hannu da laƙabin Araucaria.

Wahalar a nan take. A wasan da aka saba, in ka ci tambaya guda, haruffanta za su ba ka hasken waɗanda suka gitta ta. Nan kuwa sai ka ci kusan rabi a kan farar takarda kafin ka iya ɗiga komai cikin zanen. Ni da Q da X da Z nake farawa, don kalmomin da suka fara da su ba su da yawa. Daga nan sai in ƙirga tsawon gidaje. In wuri ɗaya ne tak mai haruffa 13, kuma ina da amsa mai 13, to na sami ƙofa. Ko kuma in nemi kusurwar da kalmar tsaye da ta kwance suka tashi daga gida guda, don dole harafinsu na farko ya zo ɗaya. Fensir fa, kada wanda ya kuskura ya taɓa biro.

Abin da ya fi ba baƙo ciwon kai ma ba Turancin ba ne, al'adun mutanen ne. In ka ga agwagwa a tambaya, sau da yawa harafin O ake nufi, saboda a wasan kurket haka suke kiran sifilin wanda aka fitar bai ci ko ɗaya ba, O kuma kamar sifili yake. Sarauniya kuma ER ce, tambarin marigayiya Elizabet. Ko kana da digiri uku, in ba wanda ya raɗa maka waɗannan, haka za ka yi ta kallon takarda har shayinka ya huce.

A ganina murɗiyar nan ba mugunta ba ce. Mai tsara wasan magana yake da kai ta cikin zanen, kuma Araucaria ya kai abin inda ba wanda ya zata. A watan Janairun 2013 Guardian ta buga wani wasansa da ɗan bayani a sama, cewa yana fama da amsar lamba kaza a amsar lamba kaza. Sai da masu wasan suka cike gidajen da hannunsu suka karanta cewa ciwon daji ne ya kama shi a maƙoshi. Tambayar da ta ba da sunan cutar ma sai da ya yi wasa a cikinta, don a Turanci sunan ciwon daji ɗaya ne da na burujin ƙaguwa. Ya rasu a watan Nuwamba na shekarar, yana da shekara 92.

Akwai wanda ya fi wannan tsauri, ana kiransa Listener. Tun 1930 ake yin sa, kuma daga 1991 jaridar Times ke buga shi ranar Asabar. A can sukan sauya harafi guda da gangan a kowace tambaya, in ka tattara haruffan sai su ba ka wani sabon umarni, wani lokacin a ce ka shafa wa wasu gidaje launi. Wannan sai da ƙamus na Chambers a gefe, kuma gaskiya na bar wa masu shi tukuna.

Kafin in koma neman inda Z ɗina zai zauna, ga taku: "An sare kan masara, babu riba ke nan", haruffa 5. Sai mun haɗu a bidiyo na gaba.