Amsoshin Tambayoyinku: Me Masu Nutso Ke Kallo a Ƙarƙashin Teku?

Tambaya ta gaba ta zo mana ne daga wani mai sauraronmu a birnin Damagaram, wanda ya rubuto cewa ya ji labarin masu biyan kuɗi su nutsa ƙarƙashin teku don yawon buɗe ido kawai. Yana so ya san abin da suke kallo a can, da kuma yadda suke numfashi.

To malam, labarin da ka ji gaskiya ne, kuma Bahar Maliya na cikin wuraren da suka fi shahara da wannan harka, musamman gaɓar Masar da ta Sudan. Abu na farko da ke jan mutane shi ne tsaunukan murjani, waɗanda a ido suke kama da duwatsu masu rassa, alhali ƙananan halittu masu rai ne suke gina su sannu a hankali, kifaye masu launi iri-iri kuma suka mayar da su gida.

Na biyu shi ne jiragen ruwan da suka nutse, kuma wanda aka fi ambata shi ne Thistlegorm, jirgin dakon kaya na Birtaniya da jiragen yaƙin Jamus suka jefa wa bama-bamai a watan Oktoban 1941, yana ɗauke da kayan soja, kusa da Ras Muhammad a kudancin Sinai. Yana kwance a zurfin kusan mita 30, kuma har yau mai nutso yana iya shiga rumbunsa ya haska tocila ya ga babura jere a bayan manyan motoci, ga takalman roba a zube, ga kawunan jirgin ƙasa biyu da ƙarfin fashewar ya wurgar gefe. Kusa da Port Sudan ma akwai Umbria, jirgin Italiya maƙare da bama-bamai, wanda ma'aikatansa suka nutsar da shi da gangan a watan Yunin 1940 don kada kayan su faɗa hannun Turawan Ingila.

Game da numfashi kuwa, mai nutso yana goya tukunyar ƙarfe da aka danna wa iska irin wadda muke shaƙa, ba zallar oksijin ba kamar yadda da yawa ke zato, yana zuƙa ta wani bututu da ya riƙe a baki. A ganinmu nan ne ya kamata a fi lura, domin haɗarin nutso ya fi yawa a wajen fitowa sama. Duk mita 10 da mutum ya ƙara, matsin ruwa yana ƙaruwa, har ya kai ninki huɗu na wanda ke doron ƙasa a mita 30, sai sinadarin naitirojin da ke cikin iskar da yake shaƙa ya riƙa narkewa cikin jini. Idan aka taso da gaggawa, sai ya yi kumfa kamar lemon kwalba da aka buɗe farat ɗaya, abin da kan jawo ciwon gaɓoɓi, shanyewar jiki, ko ma rasa rai. Shi ya sa zaman mutum a wannan zurfi ba ya wuce kimanin minti 20, yana tasowa a hankali, ya dakata minti 3 a mita 5, sannan ba ya hawa jirgin sama sai ya huta sa'o'i masu yawa.

Takardar shaidar sabon mai nutso mita 18 kaɗai ta ba shi izini, saboda haka wanda ke son ganin baburan Thistlegorm sai ya ƙara samun horo tukuna.